Komawa Garwa bayan ritaya: yadda za a yi da zafi

Alhaji, ka ce za ka bar Gaundare ka koma Garwa, duk a ƙasar Kamaru, bayan ritaya, kana tsoron zafi. Tsoronka yana da dalili. Gaundare tudu ce mai tsayin mita wajen 1,100, Garwa kuwa tana kwarin Binuwai, kuma a Maris da Afrilu zafi kan wuce digiri 40.

In da hali, ka tare a Disamba, lokacin hunturu, jiki ya saba a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne gumin farkon damina. Iska ta cika da laima, zufa ba ta bushewa, jiki ba ya hucewa. Ga shi dattijo ba ya saurin jin ƙishirwa, don haka ka riƙa shan ruwan randa ko ba ka ji ba. In fitsari ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci. Mai shan maganin hawan jini ya fara ganin likita, domin wasu magungunan suna ƙara fitsari.

Kada ka kama gidan kwano marar silin. Ka nemi mai tagogi suna kallon juna, da inuwar darbejiya. In za ka kwana a tsakar gida, ka ɗaura gidan sauro. Ruɗewa ko suma cikin zafi kuwa, a jiƙa jiki da ruwa a garzaya asibiti.