Maganar gidan rezar nan da ka sayo a Kasuwar Dole

Salam ɗana, na ga saƙonka tun jiya bayan isha'i, caji ne ya ƙare min shi ya sa ban amsa ba sai yanzu. Ka ce ka sayo gidan reza na ƙarfe irin na da, wanda ake kwancewa a sa lam mai baki biyu a ɗaure, ka gwada a fuskarka ka yanke wuri uku, bayan kwana biyu kuma wuya ya feso da ƙuraje, kana tambaya wai yaya ake aski da abin nan ne, ko ka jefar ka koma na roba. Na ga hoton ma, wallahi na yi dariya har uwar ɗakinka ta leƙo tana tambaya lafiya. Wanzami dai ba ya son jarfa, yau ka ɗanɗana abin da kake yi ma kawunan mutane.

Kar ka jefar. Ni ma haka ta faru da ni, ranar wata Juma'a ce ina sauri in tafi masallaci, na ɗauki na babanmu Allah ya jiƙansa na murza shi a haɓa kamar mai kankare tukunya, na fito da jini a wuyan farar riga, tsohon bai ce min komai ba sai da muka dawo ya ce in ɗora abin a tafin hannuna in ji nauyinsa. Ya ce to wannan nauyin shi ke askin, kai naka riƙewa ne kawai. Kai ka saba da na roba wanda ba shi da nauyi ko kaɗan dole sai ka danna, kuma kansa na lanƙwasawa yana bin fuska da kansa, shi kuwa na ƙarfe kansa a tsaye yake, duk abin da hannunka ya yi shi fata za ta karɓa. Ka riƙe shi can wajen ƙarshen mariƙin da yatsu uku, sako-sako, yadda in wani ya bugi hannunka zai iya faɗuwa. In ka ga fatar ta lotsa a ƙarƙashin ƙarfen to ka danna da yawa kenan.

Amma tun kafin a zo nan, na san inda ka fara ɓata aikin, ruwa. Na san ka sarai, ka shafa ruwan randa sau ɗaya ka goga sabulun wanki ka hau. Gashin gemu busasshe tauri gare shi, sai ya sha ruwa kamar minti uku yake laushi, shi ya sa aski bayan wanka ya fi kowane daɗi. Na san mu nan Damagaram ruwa ba abin wasa ba ne, wata ran sai ka jira ƴan garuwa har rana ta take, amma wannan aikin buta ɗaya ta ishe shi har ta yi saura. Ka ɗumama kaɗan, ɗumi dai, ba na shayi ba, ka jiƙa ƙaramin tawul ka naɗe fuska da wuya ka zauna, in ya huce ka sake jiƙawa. Irin yadda kake gani ina yi ma tsofaffin Birni da ke zuwa ran Alhamis, kana tsammani gata ne kawai nake musu, to rabin askin kenan.

Sai kumfa. Sabulun wanki da omo ka bar su wajen tufafi, busar da fata suke. In ka samu sabulun aski ko kirim na tib da buroshi to madalla, in babu, sabulun salo mai kyau wanda bai cika toka ba yana yi, ka gwada shi a wuya tukuna don wasu yana musu zafi. Ka jiƙa buroshin ka yarfe, ka juya a kan sabulun sannan ka juya a fuska kana ƙara ruwa ɗigo-ɗigo har kumfar ta yi kauri da sheƙi kamar kindirmo. Kumfa mai manyan ƙwai-ƙwai irin ta wanki ba ta da amfani, santsi ake nema. Ruwan wasu rijiyoyi mai ɗan gishiri-gishiri ba ya son kumfa, in ka ga haka canza ruwan kafin ka zagi mai sabulu. Kuma da hunturu, lokacin da iskar nan ke fasa leɓe, kumfa kafin ka gama kunci ɗaya ta bushe a ɗayan, don haka ka shafa gefe guda ka aske sannan ka shafa ɗayan. Lam ba ta hawa wurin da babu kumfa, ko da gashi ɗaya ne ya rage sai ka sake shafawa.

Yanzu yadda ake ɗora shi. Masu rubutu suna cewa digiri 30, kai ba ka da abin awo a kumatu, ga yadda za ka gane. Ka ɗora bayan kan, wato murfin nan mai santsi, a kuncinka, mariƙin ya miƙe waje sosai. A haka ba zai yanki komai ba. Sai ka riƙa sauke mariƙin ƙasa a hankali kana ja kaɗan-kaɗan har ka ji ya fara cin gashi, za ka ji ƙarar, wani ƙaras-ƙaras siriri. To nan ne wurin, ka tsaya nan. In ka sauke fiye da haka kankara yake ba yanka ba, shi ne ja da zafin da ke biyo baya. Kashe rediyo ka saurara, kunne na koya ma hannu. Ja gajere-gajere, kamar faɗin yatsa biyu, ka ɗauraye, ka juya ɗaya bakin tunda biyu ne. Abu ɗaya da ba a yi ko da wasa shi ne jan sa a kaikaice ta tsawon bakin lam ɗin, wannan yanka ne kai tsaye, kuma daga hoton da ka turo na haɓa haka aka yi.

Maganar ƙurajen nan ita ce babba, don ita za ta riƙa kawo maka mutane shago har ka tsufa. Gashinmu murɗaɗɗe ne, ba ya fitowa a miƙe. In ka yanke shi ƙasa sosai, bakinsa ya yi tsini kamar allura, yana tsirowa sai ya lanƙwaso ya soki fata ya koma ciki, ko ma ya kasa fitowa tun daga ramin, jiki kuma ya ɗauke shi baƙo ya tara masa kumburi. Ba datti ba ne ba kuma sammu ba. Su rezojin roba masu baki biyu, uku, har biyar a jere, an yi su ne yadda bakin farko zai ɗan jawo gashin na baya ya yanke, sai gashin ya koma ƙasan fata, ga mai miƙaƙƙen gashi wannan santsi ne mai daɗi, gare mu kuwa masifa. Gillette ya fito da mai baki biyu a 1971, mai uku a 1998, kowa ya bi yayi, mu da fuskokinmu muka biya. Wannan na ƙarfen baki ɗaya ne ke taɓa ka, yana yankewa daidai saman fata, shi ya sa nake cewa ka riƙe shi.

Sai dai shi ma in ka bi santsi da shi zai yi maka abin da na roba ya yi. Ka bar gemunka kwana uku, ka tsaya gaban madubi ka shafa da yatsa ka ga ina gashin ya kwanta. A kunci yawanci ƙasa yake yi, amma wuya ba shi da doka, wani nasa sama yake kallo, wani gefe, wani ma gefen zakaran wuya zagaye yake yi kamar guguwa. Inda yatsa ya bi ya ji laushi can ne kwanciyarsa, inda ya ji kaushi ka saɓa masa. Ka bi kwanciyar kawai. Sati biyu na farko zagaye ɗaya tak, ko da ka shafa ka ji saura ka bar shi, ba mai zuwa ya shafa maka wuya a hanya. In fata ta karɓa sai ka ƙara zagaye na biyu a gicciye da sabuwar kumfa, a kunci kaɗai. Saɓa ma gashi a wuya kuwa ni ban yarda da shi ba ga ɗan Damagaram ko ɗaya, duk wanda ya ce maka ya yi ba abin da ya same shi ka ce ya ɗaga haɓa ka gani. Kuma nan akwai bambanci da aikin aska da na koya maka, da aska muna jan fata ta miƙe sosai, da wannan kar ka ja da yawa, kana sakin fatar gashin zai nutse. Wajen zakaran wuya ne kaɗai za ka ɗan ja fatar gefe ka aske a kan wuri mai laushi.

Yanzu dai da ƙurajen ke nan kar lam ta taɓa wuyan sai sun kwanta, sati uku zuwa huɗu, in gashin ya dame ka rage shi da injin aski ka bar ɗan tsawo. Wanda ka ga gashin ya yi lanƙwasa a sama, allura mai tsabta za ka sa ka ɗago bakin kawai, kar ka tuge. In ka ga ruwa ko mugunya, ko irin kumburin nan mai tauri na ƙeya da ke haɗewa, wannan ya wuce zabira, a tafi likita. Haka za ka gaya ma sojoji da jandarmomin da ke zuwa wajenmu, su da aiki ya tilasta musu aski kullum su suka fi shan wahalar nan.

Lam kuma kowa da tasa. Feather ta Japan kaifi gare ta na fitar hankali, ba ta ɗan koyo ba ce. Derby ta Turkiyya ta fi sauƙin kai, Shark da Lord na Masar su ma ana samu, Astra tsaka-tsaki. Wadda ta yi ma fuskata daɗi ba lalle ta yi ma taka ba, ka sayi fakiti ɗaya ka ƙare shi kafin ka gwada wata, kuma kar ka canza lam da sabulu rana ɗaya, in abu ya ɓaci ba za ka san wane ne mai laifin ba. Abu ɗaya-ɗaya ake canzawa har ka samu tsarin da fuskarka ta yarda da shi. Ka kula da jabu, an taɓa sayar min da kwali guda mai suna mai kyau, na buɗe na ga bakin kamar an wasa shi da dutsen niƙa. Shi ma gidan ka duba, bayan ka ɗaure ka kalle shi ta sama, bakin lam ɗin ya leƙo daidai wa daida ta gefe biyun, masu arha wani lokacin gefe ɗaya ya fi fitowa, in haka naka yake to ba duk laifinka ba ne.

Ai abin tsohon yayi ne sosai, King Gillette ya fara sayar da irinsa a Amurka tun 1903, aka raba ma sojojinsu a yaƙin duniya na farko suka koma gida da shi ya bazu. Lam ɗin lokacin kwana ɗaya take tsatsa, sai a 1962 Wilkinson ta Ingila ta kawo wadda ba ta tsatsa. To ko ita ba ta dawwama, a fuskarka aski uku zuwa biyar, da ka ji ta fara ja ka cire. Wannan na kanka kenan. A shago kuwa ka san dokata, mutum ɗaya lam ɗaya, ka ɓare takardar a gabansa ya gani, gidan kuma a kwance shi a wanke a tsoma a ruwan jabel, wato bilic, a ɗauraye a shanya. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana iya kwana 7 a busasshen jini tana da rai, jinin da ido ma ba ya gani, ga kuma haɗarin sida, wato ƙanjamau. Tsohuwar lam a jefa cikin gwangwanin nan da na huda ma baki, kar in ƙara ganin ta a ƙasa, yaran unguwa da almajirai ba takalmi suke yawo.

In ka gama ka wanke da ruwan sanyi, ka jiƙa alif, dutsen nan da ake sa ma ruwa ya kwanta, ka shafa. Yana tsayar da ɗan jini, kuma shi ne alƙalinka, duk inda ya yi maka zafi nan ka danna ko ka maimaita da yawa, gobe sai ka gyara. Bayan minti ɗaya ka ɗauraye shi, ka tsane da tawul ba gogawa, ka murza man kaɗe ɗan mitsitsi a tafi har ya narke ka shafa. Turare mai alkwal da kuke kwarawa kuna ihu ku ce wai yana kashe ƙwayoyi, da hunturu fatar yake ƙara busarwa.

Ran Alhamis ka zo da wuri kafin tsofaffin su taru, ka taho da gidan rezar da fakitin lam ɗin in duba su. Kuncinka babu ƙuraje, a nan za mu gwada, ni in yi na dama kana kallo a madubi kai ka yi na hagu. Ka biya ta wajen mai alif ka sayo dunƙule biyu, na shago ya kusa ƙarewa, zan ba ka kuɗin in ka zo. Ka gaida babanka.