Lambuna na zaizayewa a bakin gulbi

Tambaya: Malam, ina da lambun albasa a bakin Gulbin Maraɗi, wajen Tibiri. Duk damina ruwa na cin gefensa. Wace ciyawa zan dasa ta riƙe ƙasar? Daga wani manomi.

Amsa: Ɗan'uwa, jema za ka nema. Ciyawar fadamunmu ce, saiwarta na nutsewa ƙasa tsaye, ba ta bazuwa ta kwashe wa albasa abinci. Kwanciyar ruwa ba ta kashe ta, rani ma haka.

Kada ka tsaya neman iri. Ka tono gindi guda, ka rarraba shi, kowane yanki da kara biyu ko uku. Ka datse ganyen ya rage kamar santimita 20, ka dasa a jere, tazarar santimita 15, a gicciye inda ruwa ke gangarowa. Farkon damina ya fi, domin ta kama kafin gulbi ya cika a Agusta. Wanda ya dasa a makare, ruwan ne zai tafi da ita.

Awaki fa, sai ka yi shinge, don suna son sabon toho. In ta girma ka yanka ka yi zana. Saiwar kuwa, iyayenmu mata na jefa ta cikin randa don ƙamshi, amma kada ka bari a tone maka layin.