Tambayoyin Masu Karatu: Wuni Ɗaya a Damagaram da Mota

Hutun makaranta ya gabato, wasiƙun wannan karo kusan duk a kan tafiya suke. Mun zaɓi waɗanda suka shafi zuwa Zinder da motar gida, muka miƙa su ga direbobin da suka san hanyar da masu sana'ar abinci na garin. Ga amsoshin a haɗe.

Daga wani magidanci a Maraɗi: Mu biyar ne, ni da uwargida da yara uku. Wuni ɗaya tak muke da shi a Damagaram cikin watan Disamba. Yaya za mu raba shi?

Malam, kafin a raba sa'o'i a fara zaɓen rana. Alhamis ce babbar ranar kasuwa a Zinder, Juma'a ta fada ce, Lahadi kuma ta kasuwar Mirya. In da hali ku iso da yammacin Laraba ku kwana, ku wuni Alhamis. Mai son ganin Sarki ya fito masallaci da dogarai da algaita sai ya ja tafiyar zuwa Juma'a, amma ya sani tun kafin azahar hanyoyin Birni, tsohuwar unguwar da fada take, ke cika, rabin wunin ya tafi ke nan.

Tsakanin Maraɗi da Zinder kilomita 235 ne ko kusa da haka, ta Agye, Gazawa, Tasawa, Takeita da Tirmini. Ku ƙiyasta awa huɗu, da tsayawar shingayen jandarma da fitsarin yara. In babu halin kwana, ku tashi da an sallame asuba, ku shiga gari wajen ƙarfe 10. Kada a yi dabarar tashi ƙarfe 3 na dare don a ci lokaci. Amalanken shanu da jakuna ba su da fitila, raƙumi kuma in ya tsaya bisa kwalta ba ka ganin sa sai ka zo kansa.

In kun kwana a garin, ku fara da Birni tun rana ba ta yi zafi ba. A ajiye mota a fili kusa da fada, a ba wani yaro ko mai shago amanarta, a shiga da ƙafa. Lungunan Birni an yi su tun ba a san mota ba, wasu ma duwatsu ne suka raba su, manya-manyan duwatsun nan da garin ke zaune a kansu. Wanda ya dage sai ya shiga da mota zai ƙare da ja da baya mita ɗari da yara suna yi masa dariya. Fada da tsohon masallaci da abin da ya rage na ganuwa suna cin awa biyu in ba a gaggauta ba. Sarki Tanimu ne ya ƙarfafa ganuwar a tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da ayarin Tarabulus ke sauka a nan kafin ya wuce Kano.

Daga nan sai Zango, unguwar fatake da Buzaye, inda gidajen zane suke. A nan ake rage sauri. Ku dubi fuskar zaure: zanen da aka tono ko aka ɗora a jikin yaɓe, zankwaye a saman soro, ƙofofin da aka yi wa ƙusoshi. Da safe hasken rana yana faɗowa a karkace, zanen ya fito da inuwarsa. Da tsakar rana sai bango ya baje kamar ba a yi masa komai ba. Shi ya sa ba ma cewa a bar Zango sai bayan abinci.

Kasuwar Dole ta biyo baya, daga ƙarfe 11 zuwa azahar. Bayan azahar a ci abinci a kwanta. Da la'asar a je wurin dukawa da majema, ko gidan tarihi na jiha in yara na da sauran ƙarfi. Masu komawa Maraɗi ran nan su bar gari kafin ƙarfe 2, su haƙura da yawon la'asar, don a Disamba magariba tana yi da wuri.

Daga wata malamar makaranta a Tawa: Ana barin baƙo ya shiga fada? Kuma ana ɗaukar hoto?

Ana bari, Malama, amma fada gida ne da mutane ke ciki, ana shari'a ana karɓar gaisuwa. A tsaya a bakin ƙofa a gaida dogarai, a faɗi daga inda aka zo da abin da ke tafe da ku. Su za su haɗa ku da wanda zai zaga da ku. A cire takalmi inda aka ga an cire, mata su yafa mayafi, kada a wuce gaban mai rakiya. In aka ci sa'a Mai Martaba yana zaune, a durƙusa daga nesa a ce Allah ya ja zamanin Sarki, a bar fadawa su amsa. Goron mai rakiya a ba shi a ƙarshe, a hannu, ban da ƙirgawa a gaban jama'a.

Hoto sai an tambaya, kuma tambayar ɗaki ɗaya ba ta wadatar wa na gaba. Haka gidajen Zango: a yi sallama, a gaida mai gida, sannan a ɗaga waya. Inda ba a ɗauka sam shi ne barikin soja da ke kan tudu, tsohuwar ganuwar Faransawa da aka sa wa sunan Kyaftin Cazemajou, wanda aka kashe a garin nan a 1898 zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A nuna wa yara daga nesa, a ba su labarin da baki: shekara guda bayan kisan sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini suka shiga gari, kuma Zinder ce hedikwatar Nijar daga 1911 har aka mayar da ita Yamai a 1926. Shingen jandarma da na 'yan sanda ma haka, waya ta zauna a aljihu.

Daga wata Hajiya a Yamai: Yarana cikinsu ba ya jure abincin hanya. Me za mu ci a Zinder, kuma a ina?

Hajiya, abin da ya fi ɓata ciki a tafiya abincin da ya huce ne, da ruwan da ba a san asalinsa ba. Ki bi inda layi yake. Mai ƙosai da ke kwashewa daga kasko zuwa hannun mai saye ta fi wurin da aka jera kuloli tun safe ana jiran baƙo.

Da safe, koko ko kunu da ƙosai, ko waina da aka juye a gabanki. Masu shayi suna da dogon burodi da ƙwai; ki ce a soya ƙwan ya soyu sosai. Da rana dambu da zogale, ko shinkafa da wake da mai da yaji, a ce a sa yajin a gefe saboda yara. Shinkafa da miya in za a ci, a ci ta tsakanin ƙarfe 12 da 2. Abin da ya kai la'asar a kula, musamman miyar da ke da nama ko gyaɗa, ya fara juyawa ko da hanci bai ji ba. Ɗanyen latas da tumatir da aka yanka aka ajiye, a bar wa 'yan gari.

Fura da nono ita ce tarkon baƙi. Furar ba ta da laifi. Ruwan da ake damawa da ƙanƙarar da ake jefawa su ne ba a san daga ina suke ba. Ki sayi curin fura da nononki, ki dama a mazubinki da ruwan gora. Ba mai nonon da za ta ji haushi.

Nama kuwa sai bayan la'asar, lokacin da masu tsire da balangu suka hura wuta. Ki nuna yankin da kike so, a mayar da shi kan wuta a gabanki minti biyar, a yanka. Wanda aka yanka aka tara a gefen tire tun ɗazu, ƙuda sun riga ki.

Ki riƙe gishirin zawo na kanti, fakiti huɗu ko biyar. Fakiti ɗaya a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a riƙa ba yaro kaɗan-kaɗan. In zawon da jini, ko yaro ya ƙi sha, ko idonsa ya faɗa, yawo ya ƙare, sai asibiti.

Daga wani ɗan kasuwa a Kano: An ce lissafin kuɗin Damagaram yana rikita mutum. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, Alhaji, kuma a nan Kanawa suka fi shan kunya. Da Hausa ba a ƙirga sefa ɗaya-ɗaya, da dala ake ƙirgawa, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. Mai tsire in ya ce "ɗari", dala ɗari yake nufi, wato sefa 500. "Ashirin" sefa 100, "hamsin" sefa 250. Jaka ɗaya sefa 1,000, ita ce dala 200. Duk abin da aka faɗa maka da Hausa ƙasa da jaka, ka ninka sau biyar. In da Faransanci aka faɗa, yadda yake rubuce a jikin kuɗin ne. Ka canza kuɗi kafin ka shiga kasuwa, ka nemi ƙananan takardu da silalla, don mai ƙosai ba ta da canjin jaka goma.

Hanyarka ta Kazaure, Daura, Kongolam, ka ƙetara Ɗan Barto, sai Matamaye, Kance, Takeita, ka karya dama zuwa Zinder, kimanin kilomita 240. Abin da ke cin lokaci bakin iyaka ne. Lasisi, takardar mallakar mota, inshorar da ke aiki a ƙetare, shaidar kowane babba da katin rigakafin shawara su kasance a jaka ɗaya, ka kuma karɓi takardar shigar da mota daga kwastan ka adana ta, za a neme ta a dawowa. Rasitin kuɗin hanya ma kada ka yar da shi sai ka isa. Raken Matamaye in lokacinsa ne, a dawowa ake saye.

Daga wata amarya a Doso: Tsarabar kilishi da tukuɗi na kawo bara, kafin kwana uku kilishin ya yi fumfuna. Me ya jawo?

Leda ce, amarya, ko kuma kilishin bai gama bushewa ba. Kilishi sau biyu yake shan rana, kafin a tsoma shi a labu da bayan an tsoma, sannan a nuna masa wuta. Ranar kasuwa in masu saye sun yi yawa wasu kan gajarta shanya ta biyu. Ki ɗauki falle ki lanƙwasa: mai kyau yana karyewa ko ya tsage da ƙara, wanda ya lanƙwashe kamar fata da sauran ruwa a jikinsa. In an gasa shi yanzu, a bar shi ya huce sarai, a naɗe a takarda, a sa a kwali. Kilishi mai ɗumi a cikin leda, a but ɗin mota da rana, gumi yake yi, gumin nan shi ne fumfunar.

Tukuɗi garin gero ne da aka daka da dabino da cuku da kayan ƙamshi. Wanda aka riga aka cure da ruwa na sha ne a ranar ko washegari. Na tsaraba ki ce busasshe kike so, ki dama a gida. Ki ɗanɗana kafin ki biya: in cukun ya tsufa za ki ji ɗaci a ƙarshen harshe, in yashi ya yi ƙaras a haƙori ba a rege geron ba. Alkaki ya fi su duka haƙurin tafiya, sai dai a sa shi a roba mai murfi saboda kiyashi.

Kayan fata kuma a shinshina. Jakar da ke warin jima tun a hannun baduku ba za ta daina ba.

Daga wani matashi a Gaya: Mirya da tafkin Gidimuni za su shiga cikin wunin?

Mirya za ta shiga, kilomita 18 ce gabas da gari a kan hanyar Difa, ga lambuna ga tukwane. In ka sayi tulu ko randa, ka ƙwanƙwasa da yatsa ka ji ta yi ƙara tas, ka cusa mata tsumma a ciki, ka zaunar da ita kan kujera da bel, ban da but. Gidimuni ta fi kilomita 60, zuwa da dawowa da zama a bakin ruwa sun cinye rabin wuni. Sai dai ka ƙara kwana.

Daga wani direba a Birnin Ƙonni: A watan Afrilu za mu zo. Me zan duba a mota, kuma me zan tambaya a masauki?

Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, don haka yawon ƙafa ya ƙare ƙarfe 10 da rabi. Iskar taya a auna ta da safe tana sanyi, a bi adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba. Kada a sace iska da rana don an ga ta hau. Tayar da iskarta ta yi ƙasa ita ke ɗaukar zafi ta fashe. Safaya a duba ta, da jak da abin kwance ƙusa. Fanbel in ya fara tsagewa a canza shi tun a gida. In allurar zafi ta hau, a kashe na'urar sanyi, a tsaya, a jira minti 30 kafin a taɓa murfin lagireto, a buɗe da tsumma a hankali. Ruwan sanyi a kan inji mai zafi yana iya tsaga shi.

Mai a sha a gidan mai. Matatar mai ta SORAZ tana arewa da garin a hanyar Tanut tun 2011, amma na kwalba a bakin hanya bai ƙare ba, kuma ƙura da ruwan da ke cikinsa su ke toshe matacin mai. In dole ta sa, a tace da ƙyalle mai tsabta. Ruwan sha lita 4 ga kowane mutum a wuni, da jarka mai lita 10 daban don mota.

A masauki, tambayar farko ruwa, kafin kuɗin ɗaki. Zinder a kan dutse take, ruwanta daga nesa ake turo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma da bazara famfo kan yi kwanaki bai zo wasu unguwanni ba. Ka ce a nuna maka tanki, ka shiga banɗaki ka murɗa famfo da hannunka. Sannan ka tambayi janareta, da ko motar za ta kwana a cikin gida.