Mabiyiya ta Uwa ce ko ta Ɗa? Likita na Amsa Tambayoyinku

Daga wata ɗalibar aikin ungozoma, unguwar Zariya: Likita, ina wuni. Kakata ta ce mabiyiya naman mai ciki ne, shi ya sa ake ce mata uwa. Malaminmu kuma ya ce ta jariri ce. Wa ke da gaskiya?

'Yata, ki gaida mini Kaka, amma malaminku ya fi ta gaskiya. Kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinmu tana ɗauke da ƙulle-ƙullen gado 46 da muke kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. Sai a 1956 aka tabbatar da wannan adadi a Suwidin, kafin nan ana zaton 48 ne. Idan ƙwan mace ya haɗu da maniyyi, sai ya yi ta rabuwa, wajen kwana 5 ya zama ɗan dunƙule mai rami a ciki. 'Yan ƙwayoyin da suka taru a cikin ramin su ne za su zama jariri, na bango kuma su kama mahaifa su zama mabiyiya. Tushensu ɗaya. Idan namiji ne a cikin, mabiyiyar ma kuromosom ɗin namiji, X da Y, take ɗauke da su, alhali uwar ba ta da Y ko ɗaya.

Ran da kika karɓi haihuwa, juya ta a faranti ki duba. Fuska ɗaya sumul take, tana sheƙi, cibiya a jikinta. Ɗayar ja wur kamar hanta, curi-curi. A kan wannan fuskar akwai ɗan siririn shimfiɗi na bangon mahaifa da ke fitowa tare da ita, shi ne rabon Kaka a gardamar. Ki ƙirga curin nan da kyau kafin a kai a binne, don guntu ɗaya da ya maƙale a ciki ya isa ya jawo zubar jini.

Daga wani magidanci a Tsibiri: Likita, iyalina ta yi ɓari a wata na uku. A eko, wato hoton ciki, ba a ga yaro ba, abin da aka wanko kamar 'ya'yan inabi. A gida ana cewa iska ce. An ce ta riƙa zuwa awon jini, kuma kada ta ɗauki ciki yanzu. Dole ne?

Malam, Allah ya ba ta lafiya, ya mayar muku da alheri. Dole ne, kuma ina roƙonka kada ka yi wasa da shi. Wannan ciki muna kiransa mol, asalinsa kuskure ne a kuromosom tun ranar farko. Wani lokaci ƙwan mace yakan rasa nasa 23 ɗin, sai na maniyyi su ninka kansu su cika 46, duka na uba. Adadi ya cika, amma ba rabon uwa, to jariri ba ya ginuwa, sai mabiyiya ta yi ta tohuwa ba linzami, ta zama ƙananan ƙulluttan ruwan nan da kuka gani. Wani lokacin kuma maniyyi biyu ne ke shiga ƙwai ɗaya, adadin ya zama 69. Ba iska ba ce, ba sammu ba ne, ba laifinta ba ne, kai ma ba naka ba.

Ga dalilin awon. Ƙwayoyin mabiyiya suna fitar da wani sinadari, hCG, wanda shi ke sa awon fitsari ya nuna ciki. Bayan wankin ciki, ya kamata ya yi ta sauka har ya ɓace. Idan ya tsaya ko ya hau, to akwai sauran ƙwayoyi masu rai. A nau'in farko, mai 46 duka na uba, wajen mace ɗaya cikin biyar ko shida takan buƙaci ƙarin magani, kuma idan aka bar abin yakan zama cutar daji, har ta kai huhu. Amma yana cikin cututtukan daji da suka fi jin magani, sau da yawa maganin methotrexate kaɗai ya isa, kuma mace ta haihu lafiya daga baya. Sabon ciki shi ma yana ɗaga hCG, sai mu kasa gane ko ɗa ne ko cuta, shi ya sa aka ce a dakata.

Abin da ke ci mini rai shi ne matan da ke daina zuwa bayan awo biyu, don jini ya tsaya, ga aikin gona, ga kuɗin mota. Tsibiri da Maradi ba nisa. Ka kai ta da kanka, ka riƙe takardun awon wuri ɗaya. Idan jini ya dawo ko ta fara tari da jini, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Daga wata Hajiya a Maradawa: Ƙanwata tana Faransa, tana da ciki, an yi mata awon jini, aka ce wataƙila yaron yana da kuromosom na 21 guda uku maimakon biyu. Shi ke nan ya tabbata?

Hajiya, bai tabbata ba tukuna. A 1997 wani masani mai suna Dennis Lo ya gano cewa akwai ɓurɓushin gadon ɗa a jinin mai ciki, kuma daga mabiyiya ɓurɓushin yake fitowa. To mabiyiya takan saɓa da jaririnta. Bayan sun rabu hanya, kuskure na iya faruwa a ƙwayoyinta ita kaɗai, ta zama kamar zane mai faci, wani wuri 46, wani wuri 47, yaro kuwa lafiya lau. An bayyana wannan a Kanada a 1983, kuma ana ganinsa a ciki 1 zuwa 2 cikin 100 da aka ɗebi tsokar mabiyiyarsu aka auna. Ba zan ɓoye miki ba, a kan kuromosom na 21 awon jinin yakan yi daidai sau da yawa. Mai yanke hukunci shi ne awon ruwan da jariri ke ciki, daga mako na 15, don ƙwayoyin yaron ne a ciki. Ki kwantar mata da hankali har sakamakon ya fito.

Daga wata amarya a Bagalam: Sau biyu ina ɓari kafin wata uku. Uwar mijina ta ce daka da ɗaukar ruwa ne.

Ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki mai zama. Kusan rabin ɓarin farkon ciki daga kuskuren adadin kuromosom yake, turmi da tulu ba su da hannu a ciki. Ki je cibiyar lafiyar uwa da yaro ta Maradi a duba mahaifa ta eko, a auna sukari da jini. Idan ciki ya sake shiga, fara awo da wuri, ki kwana a gidan sauro, ki sha Fansidar na rigakafi daga wata na huɗu kamar yadda za a ba ki, don zazzaɓin cizon sauro a mabiyiya yake ɓuya.