Jiragen da nake zanawa sun ƙi zama cikin ruwa

Tambaya:

Assalamu alaikum, Malam. Ni haifaffen Jidda ne, a Hindawiyya muke zaune, asalin iyayena Kano. Ina aiki a shagon kayan waya daga ƙarfe goma na safe, zane kuwa sha'awata ce tun ina yaro. Na ji ana cewa mai son hannunsa ya faɗa sai ya riƙa fita kullum yana zana abin da ke gabansa. Na gwada a Kornish, wato titin bakin teku na Jidda, abin ya ba ni kunya. Jiragen da na zana kamar an ɗora su a kan siminti, ruwan kuma shuɗi ɗaya tal daga sama har ƙasa. Fentin akirilik ɗin ma kafin in gama gaurayawa ya bushe. Alhali in na kwafa daga hoton waya a ɗaki yana yin kyau. Shin fitar nan dole ce? In dole ce, ta ina zan kama?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Dole dai ba dole ba ce, akwai masu zanen da suka ƙare rayuwarsu cikin ɗaki kuma aikinsu ya tsaya da ƙafarsa. Amma wanda ya zaɓi ruwa da jirage, ni ban ga ta inda zai kauce wa bakin ruwa ba. Abin da ya sa zanenka na ɗaki ke yin kyau shi ne wayar ta riga ta yi maka aikin da ya fi wuya. Ta tsayar da jirgin wuri ɗaya, ta zaɓi haske, ta shimfiɗe na kusa da na nesa a fili guda, kai sai kwafa. Kuma a cikin abin da kake kwafa har da ƙaryarta, don waya takan baƙanta inuwa ta kuma ƙara wa shuɗi ƙarfin da ba shi da shi. A Kornish babu mai yi maka wannan zaɓin. Da ido ya ruɗe sai hannu ya koma ga abin da kai ya haddace tun firamare: ruwa shuɗi ne, jirgi kuma cikakke ne daga baki har gindi. Abin da ka haddace ka zana, ba abin da ke gabanka ba.

Fita da fenti waje ma ba tsohuwar al'ada ba ce can. Kafin 1841 a mafitsarar dabba ake ƙulla fentin mai, sai da wani Ba'amurke mai zane, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro bututun da ake matsawa sannan ɗaukarsa ya yi sauƙi. Zanen da Bafaranshe Claude Monet ya yi a 1872, mai suna Impression, soleil levant, wanda daga sunansa aka laƙaba wa salon zanensa da na abokansa suna Impressionism bayan baje-kolin 1874, ba komai ba ne illa tashar jiragen ruwa ta Le Havre a Faransa da sassafe. Daga baya har kwale-kwale ya mallaka, yana shiga ciki yana aiki a tsakiyar kogi. Ka ga abin da ka ɗauko ya wahalar da manya.

Mu fara da lokaci, don a Jidda shi ne rabin aikin. Garin yamma yake fuskanta. Da safe rana tana bayanka, tana haska jikin jiragen, kana ganin launinsu na gaskiya. Da la'asar tana gabanka, ruwa na ƙyalli a idonka, jiragen duk sun zama baƙaƙe. Faɗuwar rana a Bahar Maliya tana da kyau, kowa na son zana ta, amma ba darasin ɗan koyo ba ne. Da sanyin safiya ake kama fara. Ka yi asuba, ka isa bakin ruwa kafin fitowar rana, kuma aikinka na shago bai hana ba. Wani dalilin shi ne iska. A wannan gaɓar daga arewa ko arewa maso yamma ta fi kaɗawa, kuma takan ƙara ƙarfi idan rana ta take, ta yamutsa fuskar ruwan. Da safe ne za ka fi samun ruwa a kwance.

Rana tana tafiyar digiri 15 a kowace awa, saboda haka inuwar da ka gani ƙarfe shida da rabi ba ita ce ta ƙarfe takwas ba. A minti goma na farko ka sa inuwoyinka inda ka gan su, ka bar su a nan ko da daga baya sun matsa. Mai bin rana yana gyara inuwa ba ya gamawa. Akwai sauƙi ɗaya da Allah ya yi wa mai zane a Jidda: cikar teku da janyewarta kaɗan ce ƙwarai a tsakiyar Bahar Maliya, don haka ruwan ba zai gudu ya bar maka jirgi a kan laka ba kamar yadda yake yi a wasu tashoshin. Sai dai jirgin da aka ɗaure da igiya ɗaya yana juyawa ya fuskanci iska. Ka zaɓi tsayuwa ɗaya, in ya juya ka koma kan ruwa ko sama har ya dawo.

Yanzu maganar jirgin da ya ƙi zama. Kafin ka koma Kornish, ka cika baho da ruwa a gida, ka sa ƙwarya a ciki, ka jefa mata ɗan dutse, ka durƙusa ka dube ta daga gefe. Gindinta ya ɓace. Abin da ya rage a sama ba rabin da'ira ba ne, yanki ne da ruwa ya yanke. Jirgi ma haka yake, a cikin ruwa yake zaune, kuma kai ka zana masa gindin da babu wanda ke gani. Inda jikinsa ya taɓa ruwa akwai siririn duhu, shi ne wuri mafi duhu a jikin jirgin galibi, kuma shi ne ke zaunar da shi. Ka sa wannan duhun, ka bar gefensa na ƙasa ya ɗan narke cikin ruwan, kada ka ja shi da kaifi daga goshi har wutsiya.

Kafin jirgin ma, layin da teku ta haɗu da sama shi ne abin farko da za ka ja, kuma a miƙe sosai. Kullum a daidai tsayin idonka yake. In kana tsaye a kan gadar da ake ɗaure jirage, ƙananan jiragen masunta duk a ƙarƙashin wannan layin suke, kuma kana leƙen cikinsu: benci, tankin mai, akwatin ƙanƙara. In ka sauka ka zauna daf da ruwa, goshinsu zai ratsa layin, cikinsu ya ɓuya. Masu koyo sukan haɗa biyun a zane ɗaya, su nuna cikin jirgi kuma su sa shi ya kere layin, sai mai kallo ya ji wani abu bai zauna ba ko da bai san mene ne ba. Jirgi na nesa kuwa, gindinsa ya fi matsawa sama a takarda, kusa da layin.

Siffar jirgin kanta, kada ka fara da gefe. Ka ja layi ɗaya marar nauyi daga goshi zuwa wutsiya ta tsakiya, ka gicciya shi da gajerun layuka uku inda faɗin jirgin yake, sannan ka haɗa bakin. Idan jirgi ya ɗan karkato gare ka, gefen da ke kusa yana yin dogon lanƙwasa, na can kuma kusan a miƙe yake. Ba sa taɓa zama daidai da juna. Jiragen faiba masu injin Yamaha da suka cika wajen kasuwar kifi ta Bangala sun fi sauƙin koyo saboda layinsu a bayyane yake. Tsohon jirgin gargajiya na katako, huri ko sambuk, in ka dace da shi, ya fi daɗin zane, amma lanƙwasarsa na buƙatar idon da ya saba.

Sai ruwa, kuma a nan nake so ka fi daɗewa. Ruwa kusan ba shi da launin kansa a ɗan zurfin da ke bakin gaɓa. Abin da kake gani haɗin abu biyu ne: abin da ke ƙasansa, da abin da fuskarsa ke maido maka daga sama. Idan ka dubi ruwa kai tsaye a gindin ƙafarka, kusan kashi 2 cikin 100 kacal na haske yake maidowa, saura ya shige ciki, shi ya sa kake ganin yashi da duwatsu da ciyawar ruwa, launin kore-kore ko ruwan ƙasa. Da ka ɗaga ido zuwa nesa, kallonka na kwanciya a kan fuskar ruwan, sai ya koma madubi, ya ɗauki launin sama. Don haka daga ƙasan takardarka zuwa layin can, launin dole ya riƙa sauyawa. Idan sama ta yi fari-fari da hazo, kamar yadda take yawan yi a Jidda, ruwan nesa ma fari-fari zai yi, ko da zuciyarka na ce maka shuɗi. Ƙari a kan haka, a gaɓarmu akwai murjani. Inda ruwa bai da zurfi a kan farin yashi yana yin tsanwa mai haske, inda murjanin ya ƙare zurfi ya fara kuma sai ya koma shuɗi mai duhu farat ɗaya. Wannan iyakar ka neme ta, ka sa ta inda take.

Hoton jirgi a cikin ruwa a ƙarƙashinsa yake sak, ba ya karkata ko ina rana take. Inuwa ce ke bin rana, kuma a ruwa mai tsabta ba ta fitowa sosai. Farin jirgi, hotonsa ya fi shi duhu. Baƙi kuwa, hotonsa yakan ɗan fi shi haske. Ƙananan igiyoyin ruwa suna kakkarya hoton suna ja masa tsawo zuwa wajenka. Ka sa shi da buroshi daga sama zuwa ƙasa tukuna, sannan ka yanyanka shi da layuka a kwance, masu kauri da tazara a kusa, sirara a matse a nesa. Don koyon wannan, tafkin Arba'in da ke gefen Balad, wato tsohon garin Jidda, ko wani lungu na mashigin tekun Ubhur ya fi maka buɗaɗɗiyar teku. Kuma ka riƙa runtse ido rabi kana duba, don ƙananan abubuwa su ɓace, manyan yankunan haske da duhu su fito. Ba sa wuce huɗu ko biyar.

Akirilik bai yi maka laifi ba, halinsa ne, ruwan cikinsa na tashi da zarar iska mai zafi ta taɓa shi. Ka sami robar abinci mai murfi, ka shimfiɗa jiƙaƙƙen soso ko tishu a ciki, ka rufa da takardar gashin burodi, ka matsa fentin a kanta, ka riƙe 'yar kwalbar fesa ruwa. Ni dai da za ka ji tawa, da guwash, wato fentin ruwa mai kauri, za ka fara, don ko ya bushe ruwa na tashinsa, kuma haske na hawa kan duhu. Fentin ruwa zalla yana da kyau, sai dai ranar da danshin iska ya yi yawa takarda ba ta bushewa da wuri, kuma yana son takarda mai nauyin giram 300. Kada ka ɗebi ruwan teku ka wanke buroshi: Bahar Maliya na da gishiri kusan giram 40 a lita, yana ɓata fenti yana cin ƙarfen buroshi. Launi shida sun ishe ka: fari, shuɗin altramarin, wani shuɗin mai ɗaukar kore, rawaya irin ta ƙasa, jar ƙasa, da ja guda. Duk ana samu a kantin littattafai na Jarir. Takardarka kuma ta kasance a inuwa, ko da ta jikinka ce, don wanda ya yi zane rana na dukan takardarsa yakan koma gida ya tarar aikin ya yi duhu.

Maganar kullum, ƙaramin aiki ake nufi. Takarda kamar santimita 15 da 20, minti arba'in zuwa awa ɗaya, a tashi ko an gama ko ba a gama ba. Ka lizimci wuri ɗaya na makonni, don jirgi ya daina ba ka wahala hankalinka ya koma kan haske. A bayan kowace takarda ka rubuta rana da lokaci da inda iska ta fito, kamar yadda John Constable na Ingila ya riƙa yi a zanen gajimarensa na 1821 da 1822. Ranar da ka makara ka bari, kada ka rama da tsakar rana. Hukuma ma ta hana sa ma'aikata aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba.

Mutanen Jidda ba baƙin irin wannan ba ne, tun zamanin da magajin gari Muhammad Sa'id Farsi ya jera ayyukan manyan masu sassaƙa a Kornish a shekarun 1970 da 1980, don haka za a tsaya a kalle ka, ba za a tsangwame ka ba. Amma babbar tashar jiragen ruwa da wuraren dakarun tsaron iyaka ka yi nesa da su, ko zane ne ba hoto ba, kuma katin zamanka ya kasance a aljihu. Ɗaukar mutane hoto da waya ba da yardarsu ba na iya faɗawa ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2007, wadda hukuncinta kan keta sirrin mutane ya kai ɗaurin shekara ɗaya ko tarar riyal 500,000. In kuma a gida ana yi maka maganar zanen abu mai rai, jirgi da ruwa ba sa cikin abin da ake saɓani a kai, tunda ya zo a Bukhari da Muslim cewa Ibn Abbas ya nuna wa wani mai sana'ar zane ya riƙa yin bishiyoyi da abin da ba shi da rai.

Masunta kuwa, ka yi musu sallama, ka nemi izini kafin ka zauna gaban jirgin mutum, ka kuma tambaye shi ƙarfe nawa zai fita, kada ya kunna inji kana tsakiyar aiki. A makonnin farko ka nemi wanda aka ɗaure gaba da baya ana jiran gyaran injinsa, wannan zai tsaya maka kwanaki a wuri ɗaya.