Amsa ga 'yar'uwar da ke son rubuta tarihin babanta

Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Na ga tambayarki, kin ce kina son rubuta wani abu a kansa saboda jikoki amma kin rasa ta ina za ki fara tunda shi ba wani muƙami ya riƙe ba, aikin ƙarfi ya yi har ƙarfin ya ƙare. 'Yar'uwa nima na shiga wannan, namu baban bakanike ne, da na zauna rubutawa layi uku na yi na cije, mutumin kirki ne, mai haƙuri ne, mai amana ne, sai na ga ai wannan ko baban wa aka liƙa wa zai zauna daram.

Abin da ya cece ni yaransa na gareji na nema, waɗanda yanzu su ma sun zama iyayen gidan wasu, na kunna rikodin a waya na ajiye na barsu suna ta zuba. Wallahi kamar labarin wani mutum daban suke ba ni. Ashe in mota ta zo tana wata ƙara ba ya saurin kwance komai, dogon sukundireba yake ɗauka ya ɗora bakin a jikin inji ya kara mariƙin a kunne, ya lumshe ido, can sai ya nuna inda ciwon yake. Peugeot 504 kuwa ya san kafiretonta kamar yunwar cikinsa. Da motocin injekta masu kwamfuta suka fara yawa aiki ya ja baya, mu a gida dai mun ga faɗansa ya ƙaru bamu san dalili ba, su ne suka faɗa min wani lokacin sai a yi kwana huɗu ba mota ko ɗaya amma kullum da sassafe yana nan da kayan aikinsa, yana goge sifanu yana jerawa. Ranar kuka na yi a mota kafin in iya tuƙi.

Kar ki raina abin da yake yi in ya taso aiki. Namu tattabaru ne, a bakinsa na fara jin ƙwai biyu suke yi, kwana kamar 18 su ƙyanƙyashe, namijin ya kwanta da rana macen da dare, Mama kuma kullum cikin mita sun ɓata mata shanya. Ga ƙwallo, har ya bar duniya bai yafe wa Maradona wadda ya ci Ingila da hannu a 1986 ba, kai ka ce shi aka cuta. Duk na saka, har da faɗan nasa da yadda baƙin mai ba ya barin faratansa, kuma nan ne yarana suka fi so in karanta musu.

Mama kuma kar ki zaunar da ita kamar 'yar jarida, shiru za ta yi miki, ki bari tana wani aiki ki jefa tambaya ɗaya. Tsofaffin hotuna da katin shaidar aiki ki ɗauke su a waya, ki rubuta sunan kowa a baya da fensir. Ki fara da wanda ya fi tsufa cikin abokansa, ni wanda suka koyi aiki tare tun suna samari na yi ta cewa sai sati mai zuwa, har aka kira ni aka ce ya rasu.