Allurar da aka ce tana tsirar da ƙashi: mu biya ko mu haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ƙanena ya faɗi a babur ya karye a ƙwauri, yau wata goma ke nan. An yi ɗori sau biyu bai kama ba, wurin kuma yana fitar da mugunya. Yanzu wani mai kilinik ya ce akwai sabuwar allura daga waje, ruwa mai kauri da ƙwayoyin sitem sel a ciki, da an yi masa ƙashin zai tsiro ba sai an yi tiyata ba. Kuɗin da ya yanka mana sai mun sayar da fili. Wallahi ko barci ba na iya yi. Mu biya?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kada ku sayar da filin nan.

Abin da mutumin ya fake da sunansa akwai shi, haidirojel ake ce masa, ko jel a taƙaice. Ana haɗa shi da aljinet na ciyawar teku ko da jelatin, kuma mafi yawansa ruwa ne. Yana shiga ta allura, sannan ya kafe a ciki kamar koko in ya huce. Aikinsa ya riƙe ƙwayoyin sitem sel ɗin, wato ƙwayoyin jiki da ba su riga sun zama ƙashi ko tsoka ba, kada su watse, taurinsa kuma ya nuna musu abin da za su zama. A 2006 Adam Engler da Dennis Discher a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin ɓargo kan karkata zuwa ƙashi in an ɗora su kan abu mai tauri. A 2016 ɗakin binciken David Mooney na Jami'ar Harvard ya ƙara gano cewa jel ɗin da ƙwayoyin ke iya lanƙwasawa ya fi taimaka musu su gina ƙashi. Bincike ne mai daraja, ina kuma fatan ganin ranar da zai iso hannunmu. Sai dai galibinsa a ɗakin gwaji yake, ko a ƙoƙon kan ɓera, inda ake huda rami na milimita 8, tsaf, ba ƙwayar cuta, ba nauyin da zai ɗauka.

Ƙwaurin ƙanenki kuwa shi ke ɗauke da jikinsa duka, ga shi da mugunya. Nan ne raina ke ɓaci, domin kullum sai na ji wannan magana, wai allura za ta tsaya a madadin tiyata. Karaya ba ta kamawa sai ƙashin ya daina motsi, jini na isa wurin, ƙwayar cuta kuma ta fita. Jel ba ya yin ko ɗaya. Da yatsa ma za ki iya latse shi, yaya zai riƙe ƙwauri? Ƙwayar sitem sel da ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kamar kashi ɗaya cikin biyar na milimita shaƙewa take yi ta mutu. A ɗura jel ɗin cikin mugunya kuma, an ba cuta masauki ne kawai.

Ku tambaye shi: ƙwayoyin nan daga jikin wa aka ciro su? Ina lambar NAFDAC? A ina yake ajiye su? Ƙwayoyi masu rai a ruwan naitirojin ake adana su, digiri 196 ƙasa da sifili, ba a firjin da wuta ke ɗaukewa ta bari ba. A Amurka ma, rahoton 2017 ya nuna mata uku a jihar Fulorida da ganinsu ya salwanta bayan wani kilinik ya yi musu irin wannan allura a ido.

Akwai allurar ɓargo ta gaskiya. A Faransa, Philippe Hernigou ya wallafa a 2005 cewa cikin mutum 60 da karayar ƙwaurinsu ta ƙi kamawa, 53 sun warke bayan an zuƙo ɓargon ƙugunsu, an tace, an mayar wurin karayar. A ɗakin tiyata aka yi, da ɓargon mutum na kansa, kuma babu mai mugunya a cikinsu.

Na san abin da ke hana mutanenmu zuwa asibiti: jita-jitar wai yanke ƙafa ake yi. Ƙafafun da muke rasawa galibi waɗanda aka ɗaure tamau ne har jini ya tsaya, ko aka yi ta yawo da su har ƙashi ya ruɓe. Mai karɓar kuɗin mara lafiya a kan abin da ya san ba zai yi ba, ya ji tsoron Allah.

Ku kai shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ko sashen ƙashi na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, cikin makon nan. Za a yi sabon hoto da gwajin jini, a kankare mataccen ƙashin, a gwada shi don a san maganin da zai kashe cutar, a kafa ƙarfe ta waje. In an bar giɓi, a cike shi da ƙashin ƙugunsa, ko a ja ƙashin da zoben Ilizarov, wato zoben ƙarfe da ake kafawa a kewayen ƙafa ta waje, milimita ɗaya a rana. In yana shan sigari ya daina, a kuma auna sukarinsa. Idan zazzaɓi ya taso ko ƙafar ta kumbura, yau za ku tafi, kada ku jira gari ya waye.